A Kula da Yadda Ake Rubuta Sunan Allah da Japananci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in ja hankalin ɗalibanmu na Bauchi da Gombe masu tafiya karatu Japan, da matasan da ke zuba wa'azi a manhajar fassara ta waya suna yaɗawa. Idan fassarar ta bi ta Turanci, kalmar da za ta fito a madadin sunan Allah ita ce "kami", kuma a nan gizo ke saƙa.

A addinin Shinto, wato addinin gargajiya na Japan, kami ba ɗaya ba ne. Sukan ce miliyan 8 ne, wato ba sa ƙirguwa. Dutse, kogi, tsohuwar bishiya, kakannin da suka mutu, duk suna iya zama kami, kusan yadda 'yan bori ke ɗaukar iskoki. Ga shi harshen ba ya tilasta bambanta tilo da jam'i, ba shi kuma da babban harafi irin wanda Turanci ke bambanta "God" da "god" da shi. Don haka mai karatu ba zai gane ana nufin Mahalicci ɗaya ba.

Matsalar tsohuwa ce. Da ɗan mishan Faransis Zabiya ya sauka birnin Kagoshima na Japan a 1549, tafintansa ya ba shi kalmar "Dainichi" a matsayin sunan Allah, ashe sunan Buda ne na ɗariƙar Shingon, har limaman ɗariƙar suka ɗauke shi nasu. Da ya farga sai ya koma "Deusu" daga Latin, masu adawa kuma suka mayar da shi "dai uso", wato babbar ƙarya.

Hanyar da Musulmin Japan suka bi ita ce ta tarjamar Alƙur'ani ta Umar Mita, wani Musulmi ɗan ƙasar, ta 1972. Sunan Allah ba a fassara shi, ana rubuta sautinsa da haruffan katakana: アッラー. Haruffa huɗu ne. Ƙaramin na biyu shi ne shadda, layin ƙarshe kuma madda, kada a yar da ko ɗaya. Harshen ba shi da "l", shi ya sa za a ji kamar "Arraa". Wannan ba laifin marubuci ba ne. Kalmar kami ana barin ta ga "ilah", abin bauta, kamar a kalmar shahada: "Arraa no hoka ni kami wa nashi". Ubangiji kuma "shu" ne. Amma "Araa no kami" da ake gani a tsofaffin rubuce-rubuce a guje shi, domin yana sanya Allah cikin jerin gumaka.

Siffofin ma sai an yi hattara. "Jihi", da ake sawa a wurin rahama, daga addinin Buda aka aro ta, saboda haka tana buƙatar ɗan sharhi a ƙasa. Duk wanda zai buga wani abu, ya gwada shi da tarjamar Mita tukuna, sannan ya ba Musulmi ɗan ƙasar ya duba masa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Gombe