Mutumina, Na Kayar da Farfesa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Ko da yake wanda ya daɗe haka a wuri ai ya wuce a kira shi baƙo. Saƙonka ya iso tun tuni, kuma na san ka gama tsine mini a zuci. Ka ce babban yaronka ya fara leƙen tsofaffin finafinai, kana son in zaɓa masa waɗanda zai fara da su. Zan zo kan wannan. Amma ka yi haƙuri tukuna, akwai labarin da ya hana ni sukuni.

Na kayar da Farfesa. Warwas, a gaban kowa, har da Shugaba.

Ka san tsohuwar waƙarsa ba ta canja ba: fim na darakta ne, sauran duk 'yan rakiya ne. A zamanmu na kallon fim da ya wuce ya sake ɗauko ta, wannan karon kuma ya taɓo inda yake mini ciwo. Wai mai tsara kiɗan fim fenti ne a jikin gini, ko an shafa ko ba a shafa ba gini yana tsaye. Ya faɗa yana gyara gilashi, irin yadda yake yi idan ya ji daɗin bakinsa. Ban ce masa uffan ba. Na tashi na sa The Good, the Bad and the Ugly, na tura shi can ƙarshe, wurin maƙabartar nan, sannan na kashe sautin gaba ɗaya.

Ka tuna wurin. Mutum uku tsaye a fili mai da'ira, kaburbura sun kewaye su. Darakta Sergio Leone yana ta yanka hoto, daga ido zuwa hannu, daga hannu zuwa bindiga, ya komo ido. Eastwood da guntun sigarinsa a gefen baki, idanun Eli Wallach suna ta zarya, hannun Lee Van Cleef yana rarrafawa zuwa ɗamara, har kana ganin yatsansa ɗin nan da ya gutsure. To wallahi babu sauti abin ya koma wasan yara. Ba a jima ba Auta ya fashe da dariya ya ce, "Waɗannan bashi suke bin juna ne?" Shugaba kuwa tuni ya zaro waya. Sai na mayar da shi baya, na buɗe sautin. Jita ta fara a hankali, ƙahon nan ya taso, kiɗan ya yi kamar zai tsaya ya sake hawa. Ɗakin ya yi tsit. Shugaba ya kifa wayar a cinya bai sani ba. Da Eastwood ya harba, ni dai na juya na kalli Farfesa, na ce, "Malam, ga fentinka."

Don Allah ka ce da kana nan da ka tafa mini. Na san ba za ka tafa ba, kai da ba ka taɓa goyon bayana a gaban mutane ba sai an watse, amma ka faɗa ko don zumunci.

Sai dai a ba Farfesa haƙƙinsa, bai faɗi ya kwanta ba. Nan take ya ce a sa farkon Once Upon a Time in the West, na 1968. Wajen minti 10 ana zaman jiran jirgin ƙasa a tasha, babu kiɗa ko na sisi: ƙarar injin iska da ya yi tsatsa, ɗigon ruwa a kan hular Woody Strode, ƙuda yana yawo a fuskar Jack Elam. Ya ce to ina Morricone ɗinka, mai tsara kiɗan Leone, a nan? Na ji naushin, ba ƙarya. Amma shi kansa ya miƙo mini sandar dukansa, domin wannan fim ɗin ne aka tsara kiɗansa tun kafin a fara ɗauka. Leone yana sa kiɗan a wurin ɗauka, 'yan wasa suna taku a kansa. Dubi lokacin da Claudia Cardinale ta sauka daga jirgi ba ta tarar da mai tarbarta ba, ta shiga ofishin tasha ta fita ta baya, kyamara ta ɗaga sama ta haye rufi garin ya bayyana, daidai lokacin da kiɗan ya cika. Na ce Farfesa, a nan wa ke bin wani? Harmonikar da Charles Bronson yake busawa kuma ai ita ce labarin kanta. Cire ta ka ga ko za ka san dalilin da ya sa yake farautar Henry Fonda. Shirun farkon ma da ya kafa hujja da shi, an jera ƙararrakin ne da lissafi, wannan ta shiga wannan ta fita, har jirgi ya iso ya shanye su duka. Kunne aka yi wa wannan aiki.

Abin da ke ƙara ba ni sha'awa da Ennio Morricone shi ne talauci ya taimake shi. Lokacin A Fistful of Dollars, a 1964, babu kuɗin tara babbar tawagar makaɗa irin ta finafinan kaboyin Amurka. Sai ya kama abin da ke kusa: fito, bulala, ƙararrawa, jita mai lantarki, muryoyin maza. Fiton nan da muke kwaikwayo muna yara har leɓe ya bushe, na Alessandro Alessandroni ne, wanda a cikin masu kallo dubu da wuya ka sami ɗaya da ya san sunansa. Kuma ka san Leone da Morricone aji ɗaya suka yi a firamare a Rum? Duk da wannan aiki, sai a 2007 aka ba shi Oscar na girmamawa, Eastwood ne ya miƙa masa, na gasa kuwa sai 2016, yana da shekara 87. Bayan shekara 4 ya rasu. Har gobe ina jin haushin wannan jinkiri kamar gādona aka cinye.

Af, kafin in manta, mutuminka mai majigi ya sayo sabo, kuma tun daga ranar ya hana kowa taɓa waya. Ya ce wanda zai matsa kusa ya wanke hannu. Tsohon kuma ya ƙi bayarwa, wai na tarihi ne. Kai ne ka koya masa rowa, kowa ya shaida.

Mu koma. Da na ga Farfesa ya fara goge gilashi da gefen riga, na san ya jigata, sai na ɗauko wani mai tsara kiɗan, Bernard Herrmann. Hitchcock, wanda Farfesa ba ya ambatar sunansa sai ya gyara zama, cewa ya yi kada a sa kiɗa a wurin wankan nan na Psycho. Herrmann ya yi kunnen uwar shegu ya rubuta abinsa, da gogen Turawa zalla, babu ganga babu ƙaho a fim ɗin gaba ɗaya. Da Hitchcock ya ji sai ya sauko. Ka sake kallon wurin da kyau, kusan ba ka ganin wuƙa ta shiga jikin Janet Leigh. Gogen ne ke sukar mai kallo. Ƙarshen zaman nasu kuma bai yi daɗi ba: a 1966 Hitchcock ya yi watsi da kiɗan da Herrmann ya yi wa Torn Curtain, suka rabu baram-baram, ba su sake aiki tare ba. Ni a ganina daga nan finafinan Hitchcock ba su sake kai na da ba. Farfesa ya ce tsufa ne. Na ce to me ya sa tsufa bai kama Herrmann ba, wanda ya gama ɗaukar kiɗan Taxi Driver a Disambar 1975, ya koma masauki, a daren Allah ya karɓi ransa?

Ga kuma wadda na ɓoye sai ƙarshe. Ƙuri'ar masu sharhi ta zaɓen fim mafi kyau a tarihi, ta mujallar Sight and Sound, wadda ake yi duk shekara 10, wadda Farfesa ya haddace kamar karatun allo: daga 1962 zuwa 2002 Citizen Kane ne a sama, a 2012 Vertigo ya ture shi. Darakta biyu daban, Welles da Hitchcock, kiɗan kuwa duk na Herrmann ne. Mutumina, ka ga fuskar Farfesa kuwa?

Sai ga Auta, yaron da muka raina da hannunmu, ya ce ai a 2022 Jeanne Dielman ne ya zo na ɗaya, kuma ba a tsara masa kiɗa ba. Tun da ya sami aikin nan kansa ya kumbura. Shi ne ya tilasta mana kallonsa kwanakin baya, fiye da awa 3 mace tana gyaran gado, tana wanke-wanke, tana kunna fitila tana kashewa. Shugaba ya yi barci har da minshari, ya farka ya ce fim ne mai zurfi. Ni dai na kalla har ƙarshe, kuma a tsakaninmu, ya zauna mini a rai fiye da yadda na nuna musu. Daraktarsa, Chantal Akerman, tana da shekara 24 ta yi shi. Kada ka gaya wa Auta.

Na san tun ɗazu kana cewa ina na bar Indiya. Sarkin kuka! Har yau idan aka ambaci Mother India sai wani ya kwaikwayi yadda ka ce wai hayaƙi ne ya shiga idonka, alhali babu mai shan komai a ɗakin. To a nan ma na yi amfani da mutanenka. Na kawo Mughal-e-Azam, na 1960, wurin da Dilip Kumar yake shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu. Babu mai magana a cikinsu, muryar Bade Ghulam Ali Khan ce kawai ke tashi daga nesa, kuma daraktan fim ɗin, K. Asif, ne ya dage sai da ya shawo kan dattijon ya yi waƙar fim. Shi kansa Dilip ya faɗa daga baya cewa a lokacin ko gaisawa ba sa yi da Madhubala. Mutum biyu masu gaba da juna, amma aka fitar da wurin soyayyar da har yau ake buga misali da shi. Eh, na yarda gwanaye ne. Amma kashe sautin ka gani.

Kada ka ɗauka wannan yabon ya sa na sauko daga kan Amitabh. Ina nan daram. Na san za ka ce a Shakti, na 1982, sun haɗu gaba da gaba kuma Dilip ne ya tafi da kyautar Filmfare. Uba ya yi wa ɗa kuka a fim, alƙalai suka tausaya wa tsoho, shi ke nan.

Maganar Shakti ta kawo ni kan daraktansa Ramesh Sippy, wanda shi ne kuma ya yi Sholay, ta tuna mini abin da muka gano da Shugaba. Mun jera wurin da Gabbar Singh ya kashe iyalan Thakur a Sholay da wurin da Fonda ya kashe iyalin McBain a fim ɗin Leone. Kai! Iska tana kaɗawa, an kashe manya, ƙaramin yaro ya fito ya tsaya, mugu ya ɗaga bindiga a hankali, kafin ka ga harbin sai a yanka zuwa jirgin ƙasa. Sak. Sai dai Sippy ya sa lilo yana ƙara babu kowa a kai, kuma wallahi ƙarar lilon nan ta fi tsaya mini. Farfesa ya ce sata ce. Na ce idan sata ce to ɓarawo aka yi wa, domin Leone ya kwashe Yojimbo na Kurosawa, na 1961, ya mayar da shi kaboyi ba tare da izini ba, har kamfanin Toho ya maka su a kotu, aka sasanta a kan kashi 15 cikin 100 na kuɗin da fim ɗin ya samu a duniya. Kuma ka san da Danny Denzongpa aka so ba Gabbar? Yana Afganistan yana wani fim, shi ya sa rabo ya faɗo kan Amjad Khan, wanda wasu ma suka ce muryarsa ta yi siriri da yawa. Muryar da yau ko a barci ka ji ta sai ka gane. Ƙarshen da muka sani ma ba shi Sippy ya fara ɗauka ba. A na asali Thakur ne ya kashe Gabbar, hukumar tace finafinai ta ce a'a, a kira 'yan sanda.

Yanzu ga abin da ke damuna. Tun ranar Farfesa bai ce komai a zaurenmu na waya ba. Na tura masa gaisuwa, ya amsa da "lafiya" tsurarta, babu ko "ya iyali". Ka san shi, yana iya ɗaukar gaba a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma zaman ba ya armashi idan babu shi. Mun riga mun ragu. Kai ka tafi, Alhaji aiki ya cinye shi, ƙannen da muke jawowa kuma sai ka ga suna tura fim gaba da yatsa idan magana ta yi tsawo. Na kama ɗaya yana kallon Seven Samurai da saurin ninki biyu, Mifune yana gudu kamar an sa masa wuta. Na kusa kuka, irin naka.

Don haka ka kira shi. Kai yake jin maganarka. Kada ka nuna na gaya maka komai, ka dai ja shi da hira, ka ce kana neman ra'ayinsa a kan Kurosawa, zai yi awa guda yana bayani ya huce. Idan ya ce in janye maganata, ka ce masa zan yarda darakta ne uban tafiya, da sharaɗin ya janye fenti. Zama mai zuwa za mu jera Yojimbo da A Fistful of Dollars a dare ɗaya, kuma nawa Yojimbon rubutun fassararsa yana riga magana fita. Naka mai kyau ne, ka turo kafin Asabar.

Shugaba yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran abin nan da ka yi alkawari, ya ce ka san shi. Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Abokin musunka