A Daina Gaggawar Goge Kwamfuta Kafin a Gano Ciwonta

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin masu kwamfutar tafi-da-gidanka da masu gyaranta kan wata al'ada da ta zama ruwan dare. Da zarar kwamfuta ta fara mutuwa da kanta, ko ta riƙa nuna shuɗin allo, sai a ce a goge komai a sake ɗora mata Windows. Idan ciwon a kayan cikinta yake, wannan aikin banza ne, kuma yana shafe shaidar da na'urar ta ajiye game da abin da ya kayar da ita.

Windows na rubuta kowace faɗuwa a cikin Event Viewer, wato manhajar da ke nuna bayanan abin da ya faru a kwamfuta. Saƙon Kernel-Power mai lamba 41 shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, amma idan shuɗin allon ya ce WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, to kayan ciki ne suka kawo ƙara, kuma sabon Windows ba zai warkar da su ba.

A ganina zafi ya kamata a fara tuhuma. Kwamfutar da ke aiki lafiya lau da farko, sannan ta ɗauke bayan an ɗora mata aiki mai nauyi, fanka na ta gurnani amma da ƙyar iska ke fita ta gefe, ta riga ta bayyana matsalarta. Idan aka buɗe ta, sau da yawa akan tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fankar da siraran ƙarafan da ke fitar da zafi, man da aka shafa wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ya bushe ya tsattsage. Firosesa tana rage gudu idan zafinta ya kusa digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, idan ya ci gaba da hawa sai ta yanke wuta domin kada ta ƙone. Masu ɗora kwamfuta a kan katifa su sani cewa hanyar iskarta suke toshewa.

Faɗuwar da ba ta da lokaci kuwa, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ake fara zargi. A sa MemTest86, wato shirin gwada RAM, a filas, a bar shi ya kwana yana gwaji, domin kuskure ko guda ɗaya ya isa hujja. Idan RAM ɗin biyu ne kuma suna ciruwa, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma cajar wat 45 ba za ta wadatar da kwamfutar da ke buƙatar wat 65 ba, batirin da ya kumbura har ya ɗaga wurin shafa yatsa kuwa a cire shi nan take, domin yana iya kama wuta.

Ina roƙon jaridarka ta ware shafi ta gayyato ƙwararren mai gyara ya nuna wa masu karatu, da hotuna, yadda ake buɗe bayanan Event Viewer a karanta su.

Naka,
Mai karatu a kullum