Injin tausa mai jijjiga da ƙafar mai ciwon suga

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan injinan tausan nan masu jijjiga da ake ta tallarsu a intanet, wai kana ɗora ƙafa a kai jini zai buɗe, ciwon suga kuma ya bar ƙafarka. Ƙanena ya sayo wa Babanmu guda ɗaya, shi kuwa Baba ya fi shekara 15 yana fama da suga, ƙafafunsa sun daɗe da mutuwa, in ka tsikare shi ma sai ya kalle ka kawai. Sati biyu da fara amfani da shi muka ga bororo a tafin ƙafarsa, ashe injin har ɗumi yake yi kuma Baba ƙure shi yake saboda ba ya jin komai, da ƙyar aka shawo kan ciwon bai zama gyambo ba.

Ban ce maganar duk ƙarya ce ba fa. Jijiyoyin jini suna da wata siririyar shimfiɗa a cikinsu, idan jini ya goge ta ko aka ɗan girgiza ta sai ta saki wani sinadari da ake kira nitirik oksaid, shi ne ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe. A kan gano aikin wannan sinadari aka ba wasu masu bincike uku, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998. Kuma a Jami'ar Loma Linda da ke Amurka an gwada jijjiga mai kaɗawa sau 30 da sau 50 a sakan a hannun mutane, aka ga jinin da ke gudana a fata ya ƙaru, na masu suga ma ya ƙaru amma bai kai na masu lafiya ba, don suga ya riga ya taɓa wannan shimfiɗar. To amma jinin fata ake magana, na ɗan lokaci. Babbar jijiyar ƙafa da kitse ya toshe, babu girgizar da za ta wanke ta, wannan aikin asibiti ne.

Abin da masu tallar ba sa faɗa shi ne ita wannan jijjigar ce dai ke nakasa hannayen ma'aikata. Tun 1911 wani likita ɗan Italiya mai suna Loriga ya rubuta a kan masu fasa dutse da injin da ke aiki da matsin iska waɗanda yatsunsu ke yin fari fat, sannan a 1918 wata likita 'yar Amurka mai suna Alice Hamilton ta ga irin haka a wajen masu sassaƙa dutse a garin Bedford na jihar Indiyana. Mai riƙe injin huda kankare ko injin yankan bishiya ko na goge ƙarfe shekara da shekaru, ƙananan jijiyoyin jinin yatsunsa sai su koyi tsukewa, da sanyi ya taɓa su sai jini ya ɗauke yatsa ya yi fari, in jinin ya dawo kuma zugi kamar an sa wuta, a hankali ko maɓallin riga ya gagare shi sawa. In yana shan taba abin ya fi muni. Kuma in ya yi nisa ba ya komawa daidai ko da an bar aikin. Shi ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2002, a aikin awa 8 in ƙarfin jijjigar hannu ya kai 2.5 a ma'auninsu dole mai kamfani ya ɗau mataki, in ya kai 5 kuwa ba a yarda a wuce ba.

Kenan magana ce ta ƙarfi da tsawon lokaci, kuma a nan ne mai suga ya fi kowa shiga haɗari, don mai lafiya in abu ya yi masa yawa zai ji ya janye ƙafa, shi kuwa wanda jijiyoyin da ke sa shi jin taɓi suka mutu wa zai gaya masa? Abin mamaki ma jin jijjigar yana cikin abubuwan da ke fara ɓacewa, shi ya sa likita ke kaɗa wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke rawa sau 128 a sakan ya ɗora a babban yatsan ƙafa ya ce kana ji? An yi wa Baba, wallahi bai ji ba, amma mu da rashin sani muka ɗora ƙafar nan a kan inji kullum dare.

Ni dai a ganina duk mai suga kada ya hau injin nan sai likita ya duba ƙafarsa tukuna, in akwai ciwo ko kumburi ko ana zargin jini ya daskare a jijiya to kada ma a fara. Mai suga da ke aiki da injin hannu kuwa duka biyu ne a kansa, ya riƙa hutawa tsakanin aiki, kada ya damƙe injin da ƙarfi, ya kare hannunsa daga sanyi, kuma ya faɗa wa likita irin aikin da yake yi tunda alamomin illar suga da na illar jijjigar kama suke.

Malam Edita ina roƙon ku gayyato likitan suga a shafinku na lafiya ya yi bayani a kan wannan. Namu injin dai yana saman kabad, yanzu kullum kafin Baba ya kwanta sai ɗayanmu ya haska fitila ya duba tsakanin yatsunsa.

Naku,
Mai karanta ku kullum