A Ba Sojan Da Ya Naƙasa A Bakin Daga Motar Da Zai Tuƙa Da Kansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman wakilanmu a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kan wani tsari da Amurka ta tanadar wa tsofaffin sojojinta da suka naƙasa a bakin aiki, wato tallafin sayen mota da na kayan da ake ɗaura mata domin mai naƙasa ya iya tuƙa ta da kansa.

Tsarin ya daɗe. Tun a shekarar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, majalisar ƙasar ta amince a biya dala 1,600 domin sojan da ya rasa ƙafa ya mallaki mota. A yau Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, ita ke riƙe da shi, kuɗin kuma ya haura dala 25,000, ana ƙara shi duk shekara gwargwadon tsadar rayuwa. Wanda ya cancanta shi ne wanda aikin soja ya raba shi da hannu ko ƙafa, ko gaɓar ta mutu ba ta moruwa, ko ganinsa ya yi rauni ƙwarai a idanu biyu, ko ya yi mummunar ƙuna. Kuɗin ba ya shiga aljihun sojan, mai sayar da motar ake biya kai tsaye, kuma sai hukuma ta amince da takardar neman kafin a ƙulla ciniki.

A ganina, hikimar tsarin tana wajen kayan tuƙin, domin mota ba ta da amfani ga wanda ba shi da ƙafar taka birki. Akan ɗaura masa wata sanda a gefen sitiyari, idan ya tura ta gaba birki ya kama, idan ya jawo ta totur ya tashi. Wanda ƙafar dama kaɗai ya rasa, sai a mayar masa da totur ɓangaren hagu, mai hannu ɗaya kuma a kafa masa ƙulli a kan sitiyari yadda zai juya shi ba tare da ya kuɓuce masa ba. Mai keken guragu kuwa, akan saukar da ƙasan motar a sa mata gangara ko na'urar ɗagawa, ya shiga da kekensa ba sai 'ya'yansa sun cicciɓe shi a gaban jama'a ba. Waɗannan kaya suna lalacewa, shi ya sa tallafinsu ba na sau ɗaya ba ne: ana biyan kuɗin gyara da na sauyi, ana kuma iya ɗaura su a motoci biyu cikin shekara 4. Akwai kuma ƙwararru a asibitocin ma'aikatar da ke koya wa sojan tuƙi da sabbin kayan.

Tsarin bai rasa aibu ba. An shafe shekaru da dama kuɗin motar sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa, sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a dokar da ta ba da dama ta biyu ga wanda ya shekara 30 da karɓar na farko. Ko yaro ya san ba kowace mota ce ke kai wannan shekaru a kan titi ba.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne, shekaru da dama ke nan sojojinmu suna taka nakiyoyi a dazukan Borno da Yobe, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi jinya a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna matasa ne masu iyali da sauran ƙarfi a jika. Keken guragu da fansho ba za su kai mutum gona ko kasuwa ba. Basira kuwa muna da ita a gida, domin duk wanda ya san Kano ya ga baburan nan masu ƙafa uku da masu walda ke haɗa wa guragu, giya da birki duk a hannu.

Saboda haka ina kira ga majalisa da Ma'aikatar Tsaro su sanya wannan tallafi cikin doka a matsayin haƙƙi, kada ya tsaya a kyautar ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu. A riƙa biyan makanikin da ya yi aikin kai tsaye, bayan jami'an kiyaye haɗurra sun gwada birkin sun tabbatar da ingancinsa, a kuma ware kuɗin gyara tun daga farko.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna