Kada a wanke Markis de Sad da sunan adabi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini. Kwanan nan ina jin wasu yaranmu 'yan lakkol, a fadodin shayi na nan Damagaram, suna yabon Markis de Sad, Bafaranshen nan marubucin batsa, wai gwarzo ne da alƙalaminsa ya kai shi kaso. Na daɗe ina koyar da Faransanci, kuma rabin labari aka ba su.

An haife shi a Faris a 1740, ɗan manyan gida. Ranar Ista ta 1768 ya sami wata bazawara mai bara, Rose Keller, ya ce zai ba ta aikin gida. Ya kai ta gidansa a Arkoy, kusa da Faris, ya kulle ɗaki, ya ɗaure ta, ya zane ta da bulala har jini. Ta taga baiwar Allah ta tsere. Danginsa suka ba ta liba 2,400 (kuɗin Faransa na lokacin) ta janye ƙara, shi kuwa 'yan watanni ya yi a tsare. A 1772 a Marsel ya ba wasu karuwai alewa mai maganin tada sha'awa, suka kwanta ciwo. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa, ya gudu Italiya, sai mutum-mutuminsa aka ƙona. Da ɗan talaka ne, da tuni an rataye shi. Duk wannan kuwa bai buga littafi ko ɗaya ba tukuna.

Wadda ta sa aka kulle shi a 1777 ma surukarsa ce, da takardar sarki, don tsare mutuncin gidanta. Kamun da aka yi masa saboda rubutu shi ne na 1801, zamanin Napoliyon, har ya mutu a gidan mahaukata na Sharanton a 1814.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wata doguwar takarda mai mita 12 da ya rubuta labarinsa na batsa a kanta a kurkukun Basti na Faris a 1785, gwamnatin Faransa ta saye ta a 2021 kan yuro miliyan 4.55, kusan miliyar 3 na sefa. Kuɗinsu ne, ba ruwana. Roƙona ga malaman adabi namu, in sun zo kan wannan mutum a aji, su fara da labarin Rose Keller.

Naku,
Tsohon malamin Faransanci,
Unguwar Birni, Damagaram