Rahoton Ayyukan Shekara: Sanin Bukatar Mai Amfani Kafin a Gina Manhaja

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A babban taronmu na bara kun amince a keɓe shekarar nan ga batu ɗaya, wato yadda mai gina manhaja zai gano abin da masu amfani da ita suke bukata tun kafin ya duƙufa kan rubutu. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a kan haka.

Mun fara da zaman karatu. An bi ƙa'idar ISO 9241-210 ta hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, wadda ta fito a 2010 aka sabunta ta a 2019, mai cewa a fahimci yanayin da za a yi amfani da manhaja, a fayyace bukatu, a yi zane, a gwada shi da mutane, sannan a sake zagayowa. An kuma duba ƙa'idoji 10 na sauƙin amfani da Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, ya tsara a 1994. Karatun ya yi amfani, amma ba shi ne ya sauya tunanin mutane ba.

Abin da ya sauya shi zaman gwaji ne. Tsarin ba wuya: mamba ya kawo manhajarsa, ko da zanen takarda ne, a zaunar da wanda bai taɓa ganinta ba, a ba shi aiki guda, a ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi. Sharaɗi ɗaya aka kafa wa mai manhajar, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan sharaɗi ya fi komai wahalar da mu. A wani zama, wata baiwar Allah ta cike fom ɗin rajista tsaf, sai ta tsaya tana jujjuya wayar tana neman inda za ta danna, alhali maɓallin turawa ya ɓuya a ƙarƙashin allon rubutu. Mai manhajar na gefe yana ta mutsu-mutsu a kujera, hannunsa har ya fara miƙewa, sai da shugaban zaman ya harare shi. Daga ƙarshe ta ce, "Ina ga ya tafi," ta ajiye wayar. Bai tafi ba. Mai manhajar kuwa bai taɓa lura ba, domin a babban allon kwamfutarsa yake gwaji kullum.

Mambobi da dama sun tambaya ko mutum nawa ya kamata a gwada da su. Mun bi lissafin da Nielsen da Tom Landauer suka fitar a 1993, wanda Nielsen ya yayata a 2000: mutum 5 sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma gwaji sau 3 da mutum biyar-biyar, ana gyara a tsakani, ya fi gwaji sau ɗaya da mutum 15. Sai dai a kula, lissafin na masu amfani iri ɗaya ne. Manhajar da malami da ɗalibi da mai kula da rajista za su taɓa, kowane rukuni sai an nemo nasa mutanen.

Aiki na biyu shi ne ziyarar wuraren aiki, kuma nan ne muka fi daɗewa. Wata tawagar mambobi tana gina manhajar lissafin kaya ga ma'aikatan wani ɗakin ajiya. Da aka tambayi shugabansu me ake so, ya ce rahotanni masu jadawali da launuka. Da tawagar ta je ta wuni tare da ma'aikatan, sai ta ga kowa da ɗan littafinsa a aljihu: sai ya rubuta adadin kaya da biro, da yamma ya zauna ya kwafe a tsohuwar manhajar. Dalili? Can cikin ɗakin sabis yana ɗaukewa, kuma da zarar ya ɗauke duk abin da aka shigar ya ɓace. Babu wanda ya ambaci wannan a hira, domin sun saba har sun daina ganinsa a matsayin matsala. Gani ya kori ji. Tawagar ta jingine jadawalin, ta fara da ajiye bayanai a kan wayar har sabis ya dawo.

Wannan ya jawo muhawara mai zafi a zaman da ya biyo baya. Wasu sun ce mai biyan kuɗin aiki shi ke da ta cewa, kuma ba kowane mai kwangila zai yarda a ɓata mako ana kallon ma'aikatansa ba. Ƙorafin yana da tushe. Ra'ayin kwamiti dai shi ne mai biya daban, mai amfani daban, kuma aikinmu ne mu kai wa na farko hujjar abin da na biyu yake fama da shi. Ɗan gajeren bidiyon ma'aikaci yana kokawa da allo, in an ɗauka da izininsa, ya fi doguwar takarda saurin shawo kan shugaba.

A laccar tsakiyar shekara an waiwayi na'urar Therac-25 ta gashin cutar daji, wadda tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa marasa lafiya 6 haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Ɗaya daga cikin kurakuran manhajar ba ya bayyana sai ma'aikaciya ta gyara bayanai da sauri, cikin kimanin daƙiƙa 8, wato ƙwarewarta ce ke tono shi. Saƙon da ke fitowa a allo kuma "Malfunction 54" ne kawai, ba tare da bayanin da za ta fahimta ba, ga shi ma'aikatan sun saba ganin irin waɗannan saƙonni suna danna maɓallin ci gaba. Bayan laccar an roƙi kowa ya koma ya karanta saƙonnin kuskure na manhajarsa da idon baƙo.

Ɓangaren masu bukata ta musamman bai samu lokacin da ya kamata ba. An gabatar da WCAG 2.2, ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu bukata ta musamman, wadda W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a Oktoban 2023, an auna wasu manhajojinmu da sharuɗɗa biyu: bambancin launin rubutu da na bango ya kai 4.5 zuwa 1, wurin dannawa kuma kada ya gaza fiksel (ɗigon allo) 24 tsawo da faɗi. Amma auna launi ba ya maye gurbin zama da makaho yana bin manhaja da muryar manhajar da ke karanta masa allo, kuma wannan zaman shi ne na farko a jadawalin baɗi.

Sauran abin da ke gabanmu: za a fara amfani da ma'aunin sauƙin amfani da manhaja mai suna SUS, na John Brooke, mai tambayoyi 10 ga masu gwaji, wanda matsakaicin makinsa yake wajen 68 cikin 100, domin a iya kwatanta manhaja kafin gyara da bayansa. Za kuma a kammala takardar neman izinin masu gwaji, wadda za ta fayyace abin da za a naɗa da ranar da za a goge shi. Duk mai son a gwada manhajarsa a zangon farko ya miƙa sunanta ga sakatariya kafin babban taro, tare da bayanin su wane ne masu amfani da ita da kuma aiki ɗaya da yake so a ga sun yi.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa