Auta, ka koma lakwal ranar Litinin

Liyon, Lahadi 8 ga Fabrairu 2026

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da Inna da Yaya da iyalinsa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi, shi ma da sauƙi bana. Farkon wasiƙar nan da ƙarshenta ka karanta wa Inna, tsakiyar kuwa taka ce kai kaɗai.

Ranar Juma'a na turo Yuro 150 da sunan Yaya, za su kama jaka 98 na sefa da 'yan kai. Jaka 50 na Inna ne, a sayi hatsi da sukari tun kafin azumi ya kama, a kuma sayo mata maganin ƙafa. Jaka 15 a kai wa Kawu, cikon bashinsa ke nan, a ce ina gaishe shi da godiya. Jaka 20 na karatunka ne, kuɗin darasin yamma da takardun jarrabawar BEPC, kuma a hannun mushenku Yaya zai danƙa su. Sauran 13 a ajiye. Kar a taɓa su don wani biki ko suna.

Yanzu kai da ni.

An ce mini ka yi sati biyu ba ka leƙa lakwal ba. An ce an gan ka kana kabu-kabu da babur ɗin aro a bakin babbar kasuwa, kuma kana faɗa wa abokanka da ka tara kuɗin mota sai Agadas. Kar ka tambaye ni wa ya faɗa. Daren da na ji, ban runtsa ba har na fita aiki.

Na so in kira ka in yi maka faɗa, sai na ga gara in rubuto. Yaya ya ce Faransanci ne ya karya maka gwiwa, wai jujjuya aikatau ta kayar da kai a zangon farko, har ka ce kanka ba na boko ba ne. To ni ma ina zuwa lakwal yanzu, Talata da Alhamis da dare, bayan na gama wanke tukwane a gidan abincin. Da shekaruna 34 nake zama a benci da biro. Dokar da Faransa ta yi a 2024 ta fara aiki a farkon bana, mai neman katin zama na shekara 10 sai ya ci jarrabawar harshe matakin B1. Abin da muke kai a watan nan shi ne *conditionnel passé*, wanda na san yana cikin littafinku. Bari in koya maka shi yadda ni na gane shi, don na gane shi sosai, har malamarmu ta sa na yi wa aji bayani a allo.

Ba wani dodo ba ne. Mu ma muna da shi a Hausa, shi ne “da... da...”. Da an yi ruwa da an samu hatsi. Magana ce kan abin da zai iya faruwa a baya amma bai faru ba, kuma lokacinsa ya wuce. Kalma biyu ake haɗawa. Ta farko *avoir* ko *être*, ta biyu *participe passé*, wato irin su *mangé, fini, pris, venu*, waɗanda ka riga ka sani tun a *passé composé*. Ta farkon kawai za ka haddace: *j'aurais, tu aurais, il aurait, nous aurions, vous auriez, ils auraient*. Sai ɗayar: *je serais, tu serais, il serait, nous serions, vous seriez, ils seraient*. Guda 12 ke nan. Kai da ka haddace izu biyar kafin ka shiga CI, aji ɗaya na firamare, wannan ne zai gagare ka?

Yawancin aikatau da *avoir* suke tafiya: *j'aurais mangé*, da na ci. Masu tafiya da *être* su ne dai na *passé composé*, irin su *aller, venir, partir, arriver, rester, tomber, naître, mourir*, da duk masu *se* a gaba kamar *se lever*. A nan ake faɗuwa, don da *être* sai ka duba wa ake magana a kai. Namiji *il serait venu*, mace *elle serait venue*, maza da yawa *ils seraient partis*. Kunne ba ya jin wannan *e* da *s* ɗin, amma jan biron mushe yana ganinsu. Haka *aurais* da *aurait* da *auraient*, duk furucinsu ɗaya, a rubutu ne suke rabuwa. Ka kuma kula da *j'aurai* marar *s*, wannan na gaba ne, abin da bai zo ba tukuna. Ni harafin nan guda ya ci mini maki uku a gwajin Janairu.

Sai babbar doka. Bayan *si* ba a sa shi. Ba a cewa *si j'aurais su*, ko da yake har 'yan ƙasar ina jin suna faɗin haka a cikin metro. Abin da ake cewa shi ne *si j'avais su, je ne serais pas parti*. Da na sani da ban tafi ba. Rabin farko *plus-que-parfait*, rabin biyu *conditionnel passé*. Malamarmu ta ce a nan tun yara suna ƙanana ake rera musu *les si n'aiment pas les -rais*. Ka rubuta shi a bangon kayenka.

Na daɗe ina jin sa ban san sunansa ba. Shekarata ta farko a kicin, wata rana na makara, mai gidan ya dube ni ya ce *tu aurais dû me prévenir*. Na ce masa *merci*. Sai daga baya wani ɗan Gine ya gaya mini faɗa aka yi mini, wai kamata ya yi in sanar da shi. Da shi suke zargi, da shi suke nadama: *tu aurais dû*, ya kamata a ce ka yi, *tu aurais pu*, da ka so da ka iya, *j'aurais voulu*, na so a ce. Kar ka manta da 'yar hular da ke kan *dû*.

Makon jiya malamar ta ce kowa ya rubuta jimla uku kan rayuwarsa. Mu 14 ne a ajin, 'yan Sudan, 'yan Afganistan, wata tsohuwa 'yar Siriya. Ajin da kullum ake surutu ya yi tsit. Ga abin da na rubuta. *J'aurais dû rester à l'école. J'aurais pu lire mon contrat. J'aurais voulu enterrer mon père.* Ka san ta ukun. A 2019 ba ni da takardu, da na fita da ba zan dawo ba, a waya na ji an kai Baba makwancinsa. Malamar ta duba ta ce babu kuskure ko ɗaya. Na fita waje na tsaya cikin sanyi har aka tashi.

Ba a haife ka ba lokacin da na bar lakwal a CM1, aji biyar na firamare, na kama sayar da fetur a kwalba a hanyar Dan Isa. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, na ce kuɗi nake nema. Hanyar da kake marmari na bi ta a 2016, Agadas, Dirku, Sabha, sai ruwa. Ba zan ba ka labarinta a takarda ba. Mu da muka hau mota ɗaya ba dukanmu muka iso ba, wannan ya ishe ka. Alhamdu lillahi ina da aiki, ina da ɗaki, ɗakin Inna na siminti da guminna aka gina shi, ba na jin kunyar kowa. Amma shekara bakwai ina gaban famfo ɗaya, yaran da suka zo bayana sun koma gaban murhu saboda suna karanta takardar oda da sauri. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Ni tawa kullum tana tare da ni.

Na kuma ji kana cewa Faransanci ya mutu a Nijar tunda an mai da Hausa harshen ƙasa a 2025. Na yi murna da wannan fiye da kai, a nan har kuka na yi. Amma takardar da ta faɗi haka ita ce ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma BEPC ɗin da ke gabanka da Faransanci za ka rubuta ta. Ka ci ta tukuna.

Akwai amfani guda da ban faɗa ba. Idan ka saurari RFI za ka ji suna cewa *l'accident aurait fait dix morts*. Nan ba nadama ba ce, “an ce” ke nan, labarin da ba a tabbatar ba. To haka na riƙe naka har yanzu: *Auta aurait quitté l'école*. Ban ce *a quitté* ba. Ban gaya wa Inna ba, na kuma roƙi Yaya ya yi shiru. Idan ƙarya aka yi maka, ka yafe mini. Idan gaskiya ce, ka mayar wa mai babur babur ɗinsa yau, Litinin ka koma aji, ni da kai ba za mu sake ta da maganar ba.

Ga aikinka. Ka jujjuya *partir* da *finir* da *se lever* a *conditionnel passé*, duka shida-shida, ka ƙara jimla biyar masu *si*. Ka ɗauki hoton kayen da wayar Yaya ka turo mini ta WhatsApp kafin Alhamis, in ga kwanan wata da sa hannun mushe a shafin. Zan duba da kaina, abin da ya shige mini duhu in nuna wa malamarmu.

Daga nan ka ci gaba da karanta wa Inna. Inna, ina neman gafara da addu'a. Ina cin abinci sosai, akwai shagunan 'yan Afirka a unguwar Giyotiyer, har kuka da kuɓewa busasshiya ina samu, sai dai furarki ce babu. Ki daina zuwa rijiya da ƙafar nan, a ba yaran maƙwabta dala ashirin su ɗebo. In takarduna suka fito, in sha Allahu da ni za a yi babbar sallar baɗi.

A sake gaya wa Yaya: 50 Inna, 15 Kawu, 20 hannun mushe, 13 a ajiye. In ya karɓa ya kira ni bayan isha'i, lokacin nake fita hutu.

Yayanka